Mai Agogo da Maus Ɗin Surukinsa

Yana riƙe da 'yar robar hura iska a hannun dama, maus ɗin wani a kife a tafin hagunsa, yana fesa wa ɗan idon da ke ƙarƙashinsa iska kaɗan-kaɗan. Haka yake fara kowace safiya. Kafin ya ɗaga labule, kafin ya amsa gaisuwar kowa da kyau, sai ya bi duk abin da ya kwana a kan teburinsa ya hure masa ƙura. Robar ta tsufa, ta yi santsi a wurin da babban yatsansa ke zama. Tun zamanin agogo yake da ita.

Har yanzu Mai Agogo ake ce masa, ko da yake ya manta rabon da wani ya kwance agogo daga hannu ya miƙo masa. Da ƙuruciyarsa ya koyi sana'ar, a cikinta ya yi aure, a cikinta ya haifi 'ya'yansa. Sai waya ta zo ta shige aljihun kowa da lokacinta a goshi, agogunan suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya a cikin akwatinsa na gilashi. Abokan sana'arsa wasu suka koma sayar da caja, wasu suka koma gida suka zauna. Shi kuwa yatsunsa ba su iya zaman banza ba. Ya tattara matsefatarsa da gilashinsa na ido ɗaya da ƙananan sukudirebobinsa, ya kama ɗan shago a ƙasan wani dogon bene, cikin wani lungu mai fararen fitilu, tsakanin Tela da mai buga takardu. Duk abin da ke da ƙaramin ciki, a kawo masa.

A nan 'yan wasan kwamfuta suka gano shi. Samari ne da 'yan mata masu wasan harbi, ƙungiya da ƙungiya, waɗanda a wurinsu ƙiftawar ido ce tsakanin ci da faɗuwa. Ba su da zance sai na maus, wato linzamin nan da ake tuƙa kwamfuta da shi. Suna son sa marar waya, don kada igiya ta riƙa jan hannunsu baya. Suna kuma son sa marar nauyi, don hannun da ya yini yana zarya kada ya gaji. Na kanti mai irin wannan siffa ba kowa ke iya kaiwa gare shi ba, sai su sayi mai araha su kawo wa Mai Agogo ya rage masa ƙiba.

Ya kuwa iya. Zai buɗe cikinsa ya zare ɗan ƙarfen da masu ƙerawa ke sawa don abin ya cika hannun mai saye. Ya cire manyan batura ya liƙa ƙarami da dalma. Sannan ya ɗauki ɗan injin huda ya bi bayan robar da ƙofofi kamar saƙar zuma, ya goge bakin kowace ƙofa da samfefa har ta daina cizon fata. Tela, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ko'ina, yakan leƙo ya tambaya ko ana yi wa mutane, shi ma a huda shi a rage.

Duk cikin abin da ya taɓa ragewa, babu wanda ya kai na Auta.

Auta ce 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai kuma cikin 'ya'yansa ta ɗauko hannunsa. Da rana tana zanen gine-gine a wani ofis, da yamma tana wasa, kuma ta yi nisa har ƙungiyarta ba ta shiga gasa sai da ita. Maus ɗinta baƙi ne, tun tana makaranta ya saya mata, ya kwashe shekaru yana sassaƙarsa. Duk lokacin da riƙonta ya sauya sai ya sake taɓa shi, ya gogi nan, ya cike can, har abin ya koma kamar wanda aka zuba a tafinta. Idan ta ci wasa ta kira shi a waya, ba ta cewa ta ci. “Mun ci, Baba,” take cewa. Shi kuma ya yi gyaran murya ya ce to madalla, ya ajiye waya, ya yini yana yi wa kowa ragi a shago.

Sai ta yi aure.

Mijin nata mutum ne da ba a samun inda za a kama shi. Ma'aikaci ne a wani kamfani mai yawan tura shi tafiya. Idan ya zo gaisuwa har ƙasa yake durƙusawa, ba ya ɗaga ido, kuma Baba yake ce masa da irin muryar da ta fi ta 'ya'yan cikinsa ladabi. Bai hana Auta aiki ba, bai hana ta wasa ba, har ma yakan zauna a bayanta yana kallo. Mai Agogo bai taɓa ƙin sa ba. Abin da ke cin sa shi ne ya nemi dalilin ƙin sa ya rasa. Bai taɓa kama sunansa ba kuma, ko a bayan ido. Mijinki, yake cewa, ko kuwa yaron nan.

A wannan safiyar, bai gama hure-hurensa ba sai ga Auta ta shigo da ɗan farin akwati a hannu, fuskarta kamar an kunna fitila a ciki. Ta gaishe shi a gaggauce, ta ce mijinta ya dawo daga tafiya jiya, ga tsarabar da ya kawo mata, ta kasa haƙuri sai Baba ya gani kafin ta wuce ofis.

Ya buɗe. Maus ne fari, sumul kamar ƙwai. Ya juya shi ya duba baya, ya duba gefe, ya duba ƙasa. Babu ƙofa ko ɗaya. Amma da ya ɗaga shi sai hannunsa ya wuce sama fiye da yadda ya yi niyya, kamar wanda ya ɗauki tukunyar da ya zaci da ruwa a ciki.

Yana da wani tsohon sikeli mai faranti biyu. Ya ce ta ba shi baƙin, ta laluɓo shi daga ƙasan jaka. Ya ɗora nasa a dama, na surukinsa a hagu. Sikelin bai ko yi shawara ba. Farantin dama ya sauka ya zauna, na hagu ya tashi yana lilo.

Ya zaro ɗan tsinken da ke haɗa farin maus ɗin da kwamfuta, ya soka shi a ta shago ya gwada. Kibiyar da ke kan allo ta riƙa bin hannunsa kamar inuwa. Nasa idan an bar shi ya ɗan huta yakan yi wata 'yar gyangyaɗi kafin ya farka, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ya daɗe yana gaya wa kansa babu mai jin ta. Wannan ba ya gyangyaɗi. Ya danna, ƙarar ta fito siririya, tsaf, irin wadda ya yi shekaru yana nema da matsefata bai samu ba.

Auta na tsaye tana ta zuba. Ta ce caji ɗaya yana kai shi kwanaki, ta ce wuyan hannunta bai yi tsami ba ko kaɗan. “Jiya muka gwada shi,” in ji ta. “Mun ci duk wasan da muka shiga.”

Ya ji wannan mun ɗin ya wuce ta gabansa bai tsaya ba. Sai ya shiga neman aibu. Ya ce farin abu ba ya jimirin hannu, nan da wata zai yi dauɗa. Ya ce wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin tafinta ba, na kowa da kowa ne. Ya ce irin waɗannan idan suka lalace sai dai a yar. Ta yi dariya ta ce Baba ke nan. Wayarta ta yi ƙara, ta fita bakin ƙofa ta amsa. Kafin ta dawo ya yi wani abin da shi kansa bai shirya ba: ya mayar da farin kan sikeli, ya riƙa zuba matattun haƙoran agogo a ɗaya farantin har suka daidaita, ya juye su a murfin gwangwani ya tura ƙarƙashin tebur.

Ta dawo ta ɗauki farin ta sa a akwatinsa, ta yi sallama ta tafi. Baƙin yana nan kan tebur inda ya ajiye shi. Ya jira ta dawo ta ce ta yi mantuwa. Har aka rufe shaguna ba ta dawo ba, ba ta kuma kira ba.

Da yamma a gida ya tura kwanon abinci gefe bai ci rabi ba. Matarsa ta daɗe da sanin shirunsa kala-kala, ta kuma riga ta ji labarin tsarabar daga bakin Auta. Ta ɗauke kwanon tana cewa ranar da aka kai yarinyar nan ɗakinta ko ƙwalla bai yi ba, har mutane na yaba masa dauriya.

“Ashe ajiye kukan ka yi, Malam,” ta ce, “sai an kawo robar da ba ta cika tafin hannu ba.”

Ya ce ita ba ta san komai a kan sana'a ba. Ta ce haka ne, amma ta san shi.

A ƙarshen makon akwai gasa, babba a wurinsu, wadda ƙungiyar su Auta ta daɗe tana shiri dominta. Tun da ta fara shiga gasa ba ta taɓa shiga da wani maus ba sai nasa. Ya kwana da wannan a ransa, ya tashi da shi. Washegari ya ture aikin mutane gefe, ya sa gilashinsa a ido, ya buɗe baƙin.

Babu sauran abin cirewa mai sauƙi, ya riga ya cire shi tun shekarun baya. Ya faɗaɗa ƙofofin baya. Ya kankare ƙasan har haske na ratsa shi. Ya rage tsawon wayoyin ciki, ya sauya sukurori da ƙanana. Duk sanda ya ɗora shi a sikeli, tarin haƙoran agogon nan sai ya tashi sama ya bar shi a ƙasa. Tela ya leƙo ya ga garin roba har a gemunsa, ya ce wannan kuma rariya ake haɗawa ko me. Ya ci gaba da kankararsa.

Abin da ya rage shi ne haƙarƙarin. A cikin kowane maus akwai 'yan sandunan roba da ke tokare da bangon gefe, su ke hana shi lanƙwasa idan an matse. Doka ce a wurinsa ba ya taɓa su. Samari nawa suka roƙe shi ya cire musu, ya kore su yana faɗa, ya ce su je wani ya lalata musu ba shi ba. Ya daɗe yana kallon sandunan ta cikin gilashi. Sannan ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, har ya yanki yatsansa bai ji ba sai da ya ga jini a kan tebur.

Ya haɗa shi ya ɗora. Sikelin ya yi lilo, ya yi lilo, sannan baƙin ya tashi sama a hankali, haƙoran agogo suka sauka. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda ya manta da shi. Ya zauna yana kallon farantin nan a sama kamar mai kallon jinjirin wata.

Sai ya ɗauke shi ya riƙe yadda Auta ke riƙewa, da kan yatsu. Ya san idan wasa ya yi zafi tana matse shi ta gefe kamar mai tsoron kada ya kuɓuce. Ya matse. Bangon ya lotsa, madannin gefe ya danna kansa, ƙas. Ya sake matsewa a hankali, bai yi ba. Ya ƙara ƙarfi kaɗan, ƙas. Ya ajiye shi. Ya gaya wa kansa hannunsa na tsoho ne mai tauri, nata na mai zane ne, ba za ta kai nan ba. Shi ne kuwa mutumin da ya fi kowa sanin ƙarfin hannun nan.

Ya kira ta ya ce ta biyo ta shago. Da ta zo ya miƙa mata.

“Ɗauki ki ji,” ya ce. “Yanzu ya fi na mijinki rashin nauyi.”

Ta ɗaga shi a tafinta. Ta dubi ƙofofin da suka kusa haɗewa da juna, ta dubi yatsansa da ke naɗe da tsumma, ta dubi tulin aikin mutane da bai taɓa ba. Fara'ar da ta shigo da ita ta ɗan ja baya. Ta ce lallai ya yi sauƙi, ta gode, da shi za ta shiga gasar. Ya buɗe baki zai gaya mata zancen gefen, sai ya ji kansa yana cewa ta gaida gida.

Bai taɓa zuwa kallon wasanta ba, yakan ce hayaniyar yara ba tasa ba ce. Ranar gasar ya sa kayansa masu kyau, ya bar wa Tela amanar shago, ya tafi. Wani faffaɗan ɗaki ne a saman bene, an jera dogayen tebura da kwamfutoci, an toshe tagogi da labule saboda hasken rana, ga wani ƙaton allo a bango da ke nuna wa 'yan kallo abin da 'yan wasa ke gani. Surukinsa ya hango shi ya taso da sauri, ya durƙusa a gaban mutane, ya kai shi kujerar gaba ya share masa ita da hannu. A aljihun rigarsa akwai wani ɗan tudu mai siffar ƙwai. Mai Agogo ya gan shi, ya kau da kai.

Ba a fara ba tukuna, ana ɗan motsa hannu ne. Auta na zaune a tsakiyar 'yan ƙungiyarta da abin sauraro a kunne, baƙin maus a ƙarƙashin hannunta. Ganin haka kaɗai ya sa ya gyara zama. Ya so a ce kowa a ɗakin ya san wanda ya yi shi.

A wasan nasu, madannin gefe shi ke jefa gurneti. Yana kallon ƙaton allon, sojanta ya zagayo wata kwana ya yi kiciɓis da abokin gaba, sai kawai gurneti ya faɗo a gaban ƙafarsa ya tashi da shi. 'Yan kallo suka yi dariya. Na kusa da ita ya juyo ya tambaye ta lafiya, ta ce yatsanta ne ya zame. Aka ci gaba. Ba a jima ba ya sake faruwa, wannan karon har da wani ɗan ƙungiyarta a ciki. Ba wanda ya yi dariya a teburinsu.

Ya zuba wa hannunta ido. Ta ɗaga maus ɗin ta ɗan matsa gefensa da yatsa biyu, ya ga ta gane. Ya jira ta juyo ta dube shi. Ba ta juyo ba. Ta mayar da shi kan shimfiɗarsa, ta sassauta riƙo, ta ɗora yatsunta a kai sama-sama kamar mai riƙe da ɗan tsako. Gurnetin bai sake faɗowa ba. Amma hannun nan da ya sani, mai tafiya kamar walƙiya ya tsaya cak inda ya so, yanzu lallaɓawa yake. Tana kai wa abokin gaba hari a makare, ana riga ta. Ta cije leɓe ta ci gaba.

A gefensa surukinsa ma ya gani. Hannunsa ya tafi aljihu, ya tsaya a can. Ya saci kallon Mai Agogo, sannan ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa ya sunkuyar da kai.

Wannan ya fi sikelin ciwo. Su biyun sun haɗu a kan abu ɗaya ba tare da sun yi magana ba, kuma abin shi ne a lallaɓa tsoho. Za ta zubar da gasar da ta daɗe tana jira, mijinta zai zauna ya kalla da maganin a aljihunsa, duk don kada a ɓata masa rai. Da ya so ta zaɓi nasa don ya fi. Ga shi ta zaɓe shi, shi kuwa bai taɓa jin an ajiye shi gefe irin na yau ba.

Mai kula da gasar ya ɗauki lasifika ya ce kowa ya duba kayansa, idan an fara babu sauyi.

Mai Agogo ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ratsa tsakanin kujeru ya isa bayanta, ya dafa teburin. Ta zare abin sauraron daga kunne ɗaya ta ɗago.

“Kawo shi,” ya ce. “Batirinsa ne bai zauna ba.”

“Baba, lafiyarsa ƙalau. Na saba da shi.”

“Ni na haɗa shi. Na ce ki kawo.”

Ta ɗauke hannunta a hankali. Ya ɗauki maus ɗin, da ɗumin tafinta a jikinsa, ya sunkuya ya zare ɗan tsinkensa daga kwamfutar. Bai juya ba ya yi magana, amma surukin, da ya taso ya tsaya a bayansa, ya ji.

“Kai kuma ka tsaya kallo? Miƙa mata naka.”

Yaron ya fito da farin da hannu biyu, ya soka, ya ajiye a gabanta. Ta ɗora hannu. Mai Agogo ya so ya kau da ido bai samu dama ba: ya ga yatsunta sun kama shi da ƙarfinsu na gaskiya, ya ga kafaɗunta sun sauka, ya ga kibiyar ta tsallaka allon ta tsaya daidai inda ta so. Ko sabo ba ta nema ba. Abin ya soke shi a wuri ɗaya da na ranar farko, bai ragu ba ko kaɗan.

Ta ɗago za ta yi magana, aka buga ƙararrawar farawa, na kusa da ita ya taɓa ta. Ta mayar da abin sauraron kunnenta.

Surukin ya biyo shi yana cewa Baba ga kujerarka, yanzu za a fara, idan an gama sai ya mayar da shi gida a mota. Mai Agogo ya ce a'a, ya bar shago a hannun Tela, kuma Tela ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ce ya koma ya zauna a bayanta, ai nan ne wurinsa. Ya faɗe shi da niyyar kirki, amma da ya fito bai yi kama da haka ba, yaron kuma ya ce to Baba, ya durƙusa.

Ya cusa baƙin maus ɗin a aljihu. Garin turawa bangon ya lotsa, ya ji ƙas a jikin cinyarsa. A bayansa ɗakin ya ɗauki ƙarar danne-danne kamar an fara yayyafi a kan kwano, kuma duk da yawansu kunnensa na tsohon mai agogo ya ware guda ɗaya, siririya, tsaf, mai sauri. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa da hannunsa a kan mariƙi. Sannan ya ja ƙofar ya fita.